Me ke sa miki ya ruɓe bayan tiyatar gyaran bangon ciki?

Likitocin tiyata sun ce ruɓewar miki na daga cikin matsalolin da suka fi biyo bayan aikin gyaran bangon ciki, kuma tana sahun gaba wajen sa aikin ya wargaje, majinyaci ya koma gidan jiya.

Binciken da aka yi ta gudanarwa tun daga shekara ta 2000 ya nuna cewa da yawa daga cikin abubuwan da ke haddasa wannan matsala, majinyacin ne ke shiga da su ɗakin tiyata a jikinsa: ƙiba, da hayaƙin taba, da sukarin da ya yi yawa a jini, da kuma tsohon mikin da bai gama warkewa ba.

Abin da ya sa ke nan likita kan duba mutumin da hanji ya turo masa fatar ciki, ya ce da shi ya je ya dawo bayan wata biyu ko uku. Majinyata da danginsu kan ɗauki wannan a matsayin jan ƙafa. A wurin likitan kuwa, jiran wani ɓangare ne na maganin.

Yadda ƙabar ke samuwa

Abin da likitoci ke kira bangon ciki shi ne fata da kitse da tsokoki da wani tantani mai tauri, waɗanda suka taru suka riƙe kayan ciki a mazauninsu. Akwai dogayen tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, suka haɗu a kan wani farin layi da ya ratsa ta cibiya. A kowane gefe kuma akwai faffaɗan tsokoki hawa uku.

Ta wannan layi na tsakiya aka fi tsaga ciki idan aikin na gaggawa ne, saboda ya fi saurin buɗewa kuma ba ya zubar da jini sosai. Sai dai tabon da ya bari ba ya kai ƙarfin naman asali. Idan ɗinkin ciki ya saki, fatar waje na nan a rufe, amma hanji sai ya sami kafa ya turo ƙarƙashinta. Wannan ita ce ƙabar bayan tiyata, kuma ta bambanta da gwaiwa wadda ke sauka ta matse-matsi.

Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara bayanan majinyata fiye da 14,000, ya gano cewa kusan kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka tsaga wa ciki ta tsakiya sun sami wannan ƙaba cikin kimanin shekaru biyu. Irinta ce ta kwantar da marigayi Fafaroma Francis a asibitin Gemelli da ke birnin Rum a watan Yunin 2023, inda aka shafe kimanin sa'o'i uku ana yi masa aiki, ya kuma kwana tara kafin a sallame shi.

A Najeriya, rahotannin likitoci daga asibitocin koyarwa sun nuna cewa mata ne suka fi zuwa da wannan lalura, akasari bayan tiyatar haihuwa ta gaggawa. Wata hanyar kuma ita ce zazzaɓin taifod da ya huda hanji, wanda har yanzu yake kai yara da matasa ɗakin tiyata a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar. A duka biyun, sau da yawa mikin farko ne ya ruɓe, shi ya sa ɗinkin ya saki.

Raga, amfaninta da haɗarinta

Ƙaramar ƙaba ba ta da wuyar rufewa. Amma idan faɗin ramin ya kai santimita 10 ko fiye, tsokokin nan biyu sun riga sun ja baya zuwa gefe, kuma jawo su da ƙarfi a ɗinke tamkar tilasta wa mutum rigar da ta yi masa kaɗan ne: ko ɗinkin ya yage, ko cikin ya matse har numfashi ya yi wuya.

A 1990 wani likita a Amurka mai suna Oscar Ramirez da abokan aikinsa suka bayyana dabarar sakin ɗaya daga cikin tsokokin gefe, domin sauran su zamo zuwa tsakiya su haɗu ba tare da ja ba. Bayan haka akan ƙarfafa wurin da raga, wato wata saƙa ta zaren roba wadda nama ke tsirowa cikin idanunta har su zama abu ɗaya.

Amfanin ragar ba abin gardama ba ne. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a shekara ta 2000, ya nuna cewa bayan shekaru uku ƙabar ta dawo wa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗinki zalla, amma kashi 24 ne a cikin waɗanda aka saka wa raga.

Sai dai raga baƙuwa ce a jiki. Ba ta da jini, ba ta da garkuwa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kasa ruɓewar mikin tiyata gida uku: wadda ta tsaya a fata da kitsen ƙarƙashinta, da wadda ta nutsa zuwa tsoka, da wadda ta shiga can cikin kogon ciki. Ta farkon, galibi da zarar an warware 'yan ɗinki mugunya ta fita, aka ci gaba da wanke wurin, sai ta warke. Ta biyun ce likitoci ke tsoro, domin akasari a can ragar take.

Ƙwayoyin cuta, musamman wadda ake kira Staphylococcus aureus da ke zaune a fatar mutane da hancinsu, kan manne wa zaren ragar su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai kama da gansakuka. Wannan yauƙi yana hana magani isa gare su, yana kuma kare su daga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki. Mutum zai sha magani kumburin ya lafa, bayan watanni kuma wata 'yar kafa ta ɓulle a kan tabon tana tsiyayar da ruwa. Idan ta kai ga haka, sau da yawa sai an sake buɗe wurin an cire ragar, kuma cire ta na tafiya da naman da ya saje da ita, ramin ya fi na farko faɗi.

Wasu likitoci a birnin Houston na Amurka sun bi diddigin wannan a wani bincike da suka wallafa a 2015. Sun gano cewa ruɓewar miki tana ninka yiwuwar dawowar ƙabar, kuma kowane sabon gyara ya fi wanda ya gabace shi haɗari. Ma'ana dai, aikin farko ne ya fi kowanne damar yin nasara.

Wa ya fi shiga haɗari

A 2012 likitoci a birnin Cleveland suka rarraba majinyata kusan 300 zuwa mataki uku, gwargwadon halin da suka zo da shi.

A mataki na farko akwai mai lafiyar jiki wanda mikinsa bai taɓa ruɓewa ba. Kashi 14 cikin 100 na irin waɗannan ne suka sami matsala a mikin. Mataki na biyu ya ƙunshi mai shan taba, da mai ƙiba, da mai ciwon sukari, da mai daɗaɗɗen ciwon huhu, da wanda mikinsa ya taɓa ruɓewa a baya; a nan adadin ya kai kashi 27. Mataki na uku shi ne wanda wurin aikin ya riga ya gurɓata da abin cikin hanji ko da mugunya, inda adadin ya kai kashi 46.

Alƙaluman sun haɗa har da sauran matsalolin miki, irin su taruwar ruwa da buɗewar ɗinki. Abin lura a cikinsu shi ne, yawancin abin da ke mataki na biyu ana iya gyara shi kafin ranar aiki.

Taba da shisha

Miki na buƙatar iskar oksijin don abubuwa biyu. Da ita fararen ƙwayoyin jini ke haɗa gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta, da ita kuma jiki ke saƙa zaren da ke haɗe bakin miki ya ba tabo ƙarfi.

Hayaƙin taba yana tare hanyar ta fuska biyu. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin fata, jinin da ke isa wurin ya ragu. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin kuma tana kama gurbin oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, da riƙon da ya fi na oksijin ƙarfi sau 200 ko fiye. Saboda haka ɗan jinin da ya isa ɗin ma bai ɗauko cikakken kaya ba. Masu zuƙar shisha ba su tsira ba, domin gawayin da ake ɗorawa a kanta na fitar da wannan iska da yawa.

Masu bincike a ƙasar Denmak sun gwada haka ta wata hanya mai ban mamaki, a wani aiki da suka wallafa a 2003. Sun sami masu lafiya da suka amince aka yi musu ƙananan yanka a fata aka ɗinke. Kashi 12 cikin 100 na mikin masu shan taba ya ruɓe, na waɗanda ba su taɓa sha ba kuwa kashi 2 ne. Waɗanda suka daina sha na makonni huɗu, nasu ya sauko sosai.

A Suwidin ma, wani gwaji na 2008 a kan masu jiran tiyata, ciki har da ta ƙaba, ya sami matsalolin bayan aiki a kashi 41 cikin 100 na rukunin da aka bari suna sha, da kashi 21 na rukunin da aka taimaka wa su daina makonni huɗu kafin aikin. Daga irin waɗannan aka samo ƙa'idar makonni huɗu da likitoci ke gindayawa. A wasu asibitocin Amurka har gwajin fitsari ake yi don tabbatar da cewa majinyacin ya daina ɗin.

Ƙiba, sukari da "sha ka fashe"

Kitse nama ne mai ƙarancin jini. Idan kaurinsa ya yi yawa a ƙarƙashin fatar ciki, yanka na ƙara zurfi, aikin na ƙara tsawo, kuma bayan an rufe akan bar kogon da ruwa da jini ke taruwa, su zama abincin ƙwayoyin cuta. Ga kuma nauyin teɓa da ke jan ɗinki dare da rana.

Ana auna ƙiba da ma'aunin BMI, wanda ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa. Ga mai tsayin mita 1.70, nauyin kilo 87 ya kai shi maki 30, inda ƙiba ta fara zama lalura; kilo 145 kuma ya kai shi maki 50.

Wata matsaya da ƙwararru suka wallafa a mujallar Annals of Surgery a 2017 ta ce bai kamata a yi gyaran ƙabar da ba na gaggawa ba ga wanda makinsa ya kai 50, ko wanda yake shan taba a lokacin, ko wanda gwajin sukarinsa na HbA1c ya kai kashi 8 cikin 100. Waɗanda ke tsakanin maki 30 da 50, ko sukarinsu ke tsakanin 6.5 da 8, sai a duba halin kowa a taimaka masa ya rage haɗarin tukuna.

Gwajin HbA1c ya bambanta da na tsirar yatsa da ake yi da safe. Shi yana nuna matsakaicin sukarin jini ne na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, don haka ƙaurace wa tuwo da shayi na kwana uku kafin zuwa asibiti ba ya yaudararsa. Sukari mai yawa yana sa fararen ƙwayoyin jini kasala, yana kuma lalata ƙananan jijiyoyi a hankali.

Rama ma matsala ce. Wanda ya tashi daga doguwar jinya, kamar yaron da taifod ya huda wa hanji, ba shi da abin gina jikin da zai saƙa tabo da shi. Haka ma mai ƙarancin jini, da mai cutar HIV da ba ya shan magani.

Akwai kuma wani abu da majinyata ba su cika faɗa wa likita ba, domin ba su ɗauke shi magani ba. Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sayarwa a kemis da kasuwa, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroid kamar deksametazon, haka ma wasu mayukan bilicin. Sitiroid yana danne garkuwar jiki, yana cinye kaurin fata, yana ta da sukari, yana kuma jinkirta warkewar miki. Wanda ya daɗe yana sha ba a son ya yanke shi rana ɗaya da kansa, domin hakan ma na da nasa haɗarin. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi.

Wurin da ya riga ya gurɓata

Babu abin da ya kai wannan nauyi a ma'auni. Hanji cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma a babbar ƙaba yakan manne da tsohon tabo, ta yadda ana iya huda shi yayin ɓamɓare shi. Wasu majinyatan kuma suna zuwa ne da ƙofar bayan-gida da aka fitar musu a gefen ciki, ko da yoyon hanji da ya ɓullo ta fata, ko da gyambo a kan kumburin.

Tsohuwar ruɓewa ma ba ta cika tafiya gaba ɗaya ba. Ƙwayoyin cuta na iya kwanciya shekaru a jikin guntun zare ko gutsuren raga, sai an sake buɗe wurin su farka. Shi ya sa likita kan so ya san ko mikin farko ya yi ruwa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya rufe. Takardun sallama na tiyatar farko, waɗanda sau da yawa kan ɓace a gida, a nan suke yin rana.

An daɗe ana ganin cewa ba a saka ragar roba a gurɓataccen wuri. Sai aka koma ga wata raga da ake yi da fatar alade ko ta saniya ko ta gawar ɗan Adam, bayan an sarrafa ta, bisa tunanin cewa ta fi jure ruɓa. Wani gwaji a Amurka da Dokta Michael Rosen ya jagoranta, aka wallafa a 2022, ya girgiza wannan tunani. A cikin majinyata 253, ƙabar ta dawo wa kashi 20.5 cikin 100 na masu ragar fatar dabba cikin shekaru biyu, amma kashi 5.6 ne a masu ragar roba, kuma ba a ga bambanci ba ta fuskar matsalolin miki. Kuɗin ragar dabbar ya haura dala 21,000, na robar kuwa dala 105. Sai dai gwajin bai haɗa da waɗanda mikinsu ke cike da mugunya ba.

Musulmin da ya fita jinya ƙasashen waje, inda aka fi samun ragar dabba, yana da haƙƙin ya tambayi da me aka yi wadda za a saka masa, tun kafin ya sa hannu a takardar amincewa.

Abin da ke hannun likita

Ba duka nauyin ke wuyan majinyaci ba. Fatar ciki na samun jininta ne daga wasu ƙananan jijiyoyi da ke ratso tsoka su fito, mafi yawansu a kewayen cibiya. Dabarar Ramirez ta asali tana buƙatar a ɗaye fata daga kan tsoka har zuwa gefen ciki, abin da ke yanke waɗannan jijiyoyi, bakin fatar ya mutu, mikin ya buɗe. A 2012 Dokta Yuri Novitsky da abokan aikinsa suka bayyana wata dabarar da ake sakin tsokar can ciki ta baya, ba tare da an ɗaye fata sosai ba.

Mazaunin ragar ma na da tasiri. Wadda aka shimfiɗa a kan tsoka, daf da fata, duk abin da ya sami fatar zai same ta. Wadda aka ɓoye a bayan tsoka, bisa tsarin likitocin Faransa Jean Rives da René Stoppa, tana kwance ne a jikin nama mai wadatar jini, nesa da waje. Kazalika raga mai manyan idanu ta fi tsira idan ruɓa ta zo. Mai matsattsun idanu kuwa, ƙwayar cuta na shiga, mai korarta ba ya iya bin ta.

Tiyatar da ake yi ta ƙananan huji da na'urar kamara ta fi ƙarancin ruɓewar miki, amma ba kowace ƙaba take yiwuwa da ita ba, kuma ba kowane asibiti ke da kayan ba.

Sauran matakan ƙanana ne a ido. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 sun ce a yi allurar rigakafin ƙwayoyin cuta cikin minti 120 kafin a sa wuƙa, kada a aske gashin wurin da reza domin tana ƙarzar fata, kuma kada a ci gaba da ba da maganin kwana da kwanaki bayan aiki da sunan rigakafi, saboda ba ya ƙara kariya, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

A ƙasashe masu tasowa

Galibin waɗancan alƙaluma daga Amurka da Turai suke. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, haɗarin ya fi haka tun daga tushe.

Wani bincike mai suna GlobalSurg da aka wallafa a 2018, a kan majinyata 12,539 da aka yi wa tiyatar hanji da kayan ciki a ƙasashe 66, ya sami ruɓewar miki a kashi 9.4 cikin 100 a ƙasashen da suka ci gaba, kashi 14 a masu matsakaicin hali, da kashi 23.2 a matalauta. A cikin waɗanda aka yi wa gwajin mugunya, fiye da ɗaya cikin biyar ƙwayar cutar ba ta jin maganin rigakafin da aka ba su.

Daga baya aka yi manyan gwaje-gwaje biyu a ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Ghana da Jamhuriyar Benin. Na farkon, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2021, ya gwada wasu abubuwa biyu masu tsada, wato wani ruwan wanke fata na musamman da zaren ɗinki mai magani a jikinsa. A majinyata 5,788 ba a ga sun fi aidin da zaren yau da kullum ba.

Na biyun, a 2022, ya gwada abu mai araha: kafin a fara rufe ciki, likitoci da ma'aikatan jinya su sauya safar hannu, su ɗauko kayan aikin da ba su taɓa hanji ba. A majinyata 13,301, ruɓewa ta sauko daga kashi 18.9 zuwa kashi 16 cikin 100. A kan tiyatar ciki gaba ɗaya aka yi gwajin, amma ya shafi batun ƙaba kai tsaye, tunda rage ruɓewar mikin farko rage masu ƙabar ne tun asali.

Jiran ma yana da iyaka

Sharuɗɗan rage ƙiba kafin aiki ba su rasa masu suka ba, har a cikin likitocin. Mai babbar ƙaba ba ya iya motsa jiki yadda ake so, kuma ramin na ƙara faɗi yayin da yake jira.

A Houston an gwada wannan a kan masu ƙiba 118, aka wallafa sakamakon farko a 2018. An ba rabinsu horon abinci da motsa jiki kafin aiki, rabin kuma shawarar baki kawai. Da farko rukunin da aka horar ya fi samun sauƙi, amma wasu daga cikinsu sun daina zuwa, wasu kuma ƙabar ta tashi musu suna cikin jira, aka yi musu aikin gaggawa. Bayan shekaru biyu ba a ga bambanci tsakanin rukunonin ba. Jiran da ba shi da wa'adi, ba kuma mai bibiyar majinyaci, ba shiri ba ne.

Aikin gaggawa ne mafi muni ta fuskar ruɓewa, domin babu lokacin shiri, kuma sau da yawa sai an yanke hanjin da ya mutu. Idan kumburin da a da yake komawa ciki in an kwanta ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, ga amai, ga rashin fitar tusa ko bayan-gida, to maganar jira ta ƙare, sai asibiti a cikin sa'o'in nan.

Bayan aiki kuma, sau da yawa sai an koma gida ruɓewa take bayyana, galibi cikin makonni biyu ko uku na farko. Alamominta su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da kumburi, da ruwa mai wari ko mugunya, da zazzaɓi. Littattafan likitanci kan ambaci jan fata a gefen ɗinki, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka ɗumin wurin da taurinsa da sheƙinsa sun fi zama abin dogaro.

Likitoci na gargaɗin cewa zazzaɓin da ya zo a wannan tsakani kada a yanke hukuncin maleriya ce a je kemis a sayi magani, kuma kada a barbaɗa garin kafso ko maganin gargajiya a kan mikin da ke da raga a ƙarƙashinsa. Sun ce a koma wurin wanda ya yi aikin, tun ruɓar tana fata ba ta kai ga ragar ba.